Agatha Christie (1890–1976): Mai Haɗa Magani da Ta Zama Uwar Labaran Binciken Kisan Kai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban akwatin talabijin ya ga wani gajeren Bature mai murɗaɗɗen gashin baki ya tara mutanen gida a ɗaki guda, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da tambaya har ya nuna wanda ya yi kisa, to ya ɗanɗani aikin matar da wannan maƙala za ta yi magana a kanta. Ni na fara ganin wasan ne a gidan wani kawuna a Kalgo, in mun zo hutu daga Gwandu kuma aka yi sa'ar samun wuta da dare. Abin da ke ɗauke mana hankali a lokacin shi ne ado: tsofaffin motoci, da jiragen ƙasa masu ɗakunan kwana, da kwat da huluna. Sai da na shigo jami'a muka fara darasin ƙagaggun labarai, sa'an nan na gane cewa wannan ado na masu shirya wasan ne. Abin da ya riƙe labaran har suka kai yau shi ne ilimin da marubuciyar ta tara a wurin aikinta da cikin danginta da kuma tafiye-tafiyenta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi rayuwarta domin a ga yadda hakan ta faru, sa'an nan a duba abin da ɗalibin adabin Hausa zai ƙaru da shi.

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Agatha Mary Clarissa Miller ran 15 ga Satumba, 1890, a garin Torquay da ke bakin teku a kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinta, Frederick Miller, mutumin Amurka ne mai cin dukiyar gado, mahaifiyarta kuwa Clara ake ce mata. Ita ce auta cikin 'ya'ya uku. Ba a sa ta makaranta da wuri ba, a gida ta yi karatun farko. Hasali ma mahaifiyarta ta so kada ta fara karatu sai ta kai shekara 8, amma yarinyar ta koya wa kanta tun tana da kamar shekara 5. Da yake yayyenta sun girme ta da shekara goma ko fiye, sai ta tashi ita kaɗai cikin manya, tana sauraron hirar masu aikin gida da ta tsofaffin mata ƙawayen kakarta. Wannan saurare ya yi mata rana daga baya.

Mahaifinta ya rasu a 1901 tana da shekara 11, bayan dukiyarsa ta riga ta yi rauni. A 1905 aka kai ta Faris ta koyi kiɗan fiyano da waƙa, amma tsananin kunya ya hana ta tsayawa gaban jama'a. Tana budurwa ta raka mahaifiyarta Alƙahira suka yi wata uku, a can ne kuma ta gina labarin littafinta na farko, wanda duk maɗaba'ar da aka kai wa ta ƙi karɓa.

Ɗakin Haɗa Magani

Ran 24 ga Disamba, 1914, watanni kaɗan da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta auri Archibald Christie, wani sojan sama, daga nan ne ta sami sunan da duniya ta san ta da shi. Mijin ya koma fagen fama a Faransa, ita kuwa ta shiga aikin sa kai na jinyar sojoji a asibitin da aka buɗe a Torquay. Daga baya aka mayar da ita ɗakin haɗa magani, kuma a 1917 ta ci jarrabawar zama mataimakiyar mai haɗa magani. A wancan zamani da hannu ake auna magani a haɗa shi, don haka dole mai aikin ya san iyakar da abu zai warkar da kuma inda zai koma guba.

A wannan ɗaki ne ta tuna da wata gardama da suka taɓa yi da yayarta Madge, wadda ta ce mata ba za ta iya rubuta labarin bincike ba. A 1916 ta rubuta The Mysterious Affair at Styles, labarin wata attajirar tsohuwa da aka kashe da guba a gidanta. Dabarar kisan daga aikinta ta fito kai tsaye. Tsohuwar tana shan wani maganin ƙarin ƙarfi mai ɗan ƙwayar guba a ciki, wadda ba ta cutarwa in an sha bisa ƙa'ida. Sai aka zuba wani garin maganin barci a kwalbar, wanda ya sa gubar duka ta kwanta a gindi, ranar da ta sha kurɓin ƙarshe ta shanye ta gaba ɗaya. Mujallar masu haɗa magani ta Ingila ta yaba wa littafin saboda ingancin wannan bayani. Mai binciken da ta ƙago, Hercule Poirot, wanda ake furta sunansa Fuwaro, tsohon ɗan sandan Beljiyam ne. Ta zaɓi wannan ƙasa ne domin a lokacin garinsu na cike da 'yan gudun hijirar Beljiyam da yaƙi ya koro.

Maɗaba'u da dama sun mayar mata da littafin, bai fito ba sai a 1920 a Amurka, da 1921 a Ingila. Yarjejeniyar da ta sa wa hannu kuwa ta cuce ta, domin ba ta da ko kwabo sai an sayar da kwafi 2,000, kuma an ɗaure ta da kawo wasu littattafai biyar. Fam 25 kawai ta samu a karon farko. Wannan abin lura ne ga duk matashin marubucin da ɗokin ganin sunansa a bangon littafi zai hana shi karanta abin da yake sa wa hannu.

Shekarar 1926

Ta haifi 'yarta tilo, Rosalind, a 1919, ta ci gaba da fitar da littafi kusan kowace shekara. A 1926 ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd, wanda ya jawo mata suna da surutu tare. A cikinsa likitan ƙauye ne ke ba da labari da bakinsa, yana taya Poirot bincike, sai a ƙarshe ta bayyana shi ne ya yi kisan. Wasu masu karatu sun ce an yaudare su. Amma wanda ya koma ya sake karantawa zai tarar likitan bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya, ya dai tsallake abin da ba ya so a sani. Ga mai nazarin zube, wannan babban misali ne na cewa ba kullum ake sakankancewa da mawallafin cikin labari ba.

Ita wannan shekara ce kuma mafi ɗaci a rayuwarta. Mahaifiyarta ta rasu a watan Afrilu, a watan Agusta kuma mijinta ya gaya mata yana son wata mai suna Nancy Neele, yana neman a raba aure. Daren 3 ga Disamba ta fita da motarta ba ta dawo ba. Washegari aka tsinci motar a gefen wani ramin haƙar alli a yankin Surrey, da rigar sanyinta a ciki. 'Yan sanda fiye da 1,000 da masu sa kai kimanin 15,000 suka bazu nema, har da jiragen sama. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙago Sherlock Holmes, har ya ɗauki safar hannunta ya kai wa wani mai duba. Ran 14 ga Disamba, bayan kwana 11, aka same ta a wani otal a garin Harrogate da ke arewacin Ingila, ta rubuta sunanta Teresa Neele, wato ta ari sunan dangin matar da ta raba ta da miji. Likitocin da suka duba ta sun ce mantuwa ce ta same ta, jaridu kuwa wasu suka ce talla ce, wasu suka ce ramuwa ce. Ita ba ta saka wannan al'amari a cikin tarihin rayuwarta da ta rubuta ba. Abin da ya tabbata shi ne tun daga lokacin ta tsani 'yan jarida da shiga taro. An raba auren a 1928.

Tafiya Gabas da Aure na Biyu

A 1928 ta hau shahararren jirgin ƙasan nan Orient Express zuwa Santambul, daga can ta wuce Bagadaza, ta ziyarci wurin da ake haƙar kufan tsohon birnin Ur a Iraƙi. Da ta koma a 1930 ta haɗu da Max Mallowan, masanin tonon kayan tarihi, wanda ta girma da shekara 13, suka yi aure a watan Satumba na shekarar. Wannan aure ya ɗore har mutuwa ta raba. Shekaru masu yawa tana bin sa wuraren haƙa a Iraƙi da Siriya, kamar Nineba da Tell Brak da Nimrud, tana ɗaukar hotunan abin da aka tono, tana jera fasassun tukwane, tana wanke sassaƙen hauren giwa da man shafawarta na fuska.

Daga waɗannan tafiye-tafiye ne aka sami Murder on the Orient Express a 1934, da Murder in Mesopotamia a 1936, da Death on the Nile a 1937. Mai karatu zai lura cewa duk wurin da ta kafa labari, ta taɓa kwana a cikinsa ko a irinsa. Jirgin ƙasa da jirgin ruwa da sansanin masu haƙa sun ba ta abin da zubin labarinta ke bukata, wato wuri rufaffe da mutane ƙididdigaggu, ta yadda mai laifi ba zai wuce ɗaya daga cikin waɗanda mai karatu ya riga ya sani ba.

Tauraruwarta ta biyu, Miss Marple, ta fara bayyana a gajeren labari a 1927, sa'an nan a cikakken littafi a 1930. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauye tana saƙa. Ba ta da bindiga, ba ta da ofis. Makaminta shi ne sanin halin ɗan Adam: duk baƙon da ta gani sai ta kwatanta shi da wani da ta sani a ƙauyensu, ta gane abin da zai iya aikatawa. Marubuciyar ta gina ta ne a kan kakarta da ƙawayenta, waɗanda ta yi ta saurare tun tana yarinya.

Ba a rasa abin suka a aikinta. Littafinta da ya fi kowane kasuwa, wanda yanzu aka sani da And Then There Were None, ya fito a 1939 da wani suna mai ɗauke da kalmar cin mutuncin baƙar fata, dole aka canza shi. Haka kuma Larabawan da ke cikin labaranta na Gabas yawancinsu barori ne da 'yan dako, ba a ba su baki ba. Ita 'yar zamanin mulkin mallaka ce, kuma ɗalibi ɗan Afirka ya kamata ya karanta ta da idonsa a buɗe.

Manyanta da Rasuwa

A Yaƙin Duniya na Biyu ta sake komawa ɗakin haɗa magani a asibitin koyarwa na University College a Landan. A can ta sami labarin wata guba mai zubar da gashi, wadda ta gina The Pale Horse a kanta a 1961. Jim kaɗan bayan rasuwarta aka kawo wata jaririya daga Ƙatar wani asibiti a Landan, likitoci suka kasa gane ciwonta. Wata ma'aikaciyar jinya da ke karanta littafin ta ga alamun sun yi daidai, aka gwada aka tarar gubar ce, yarinyar ta rayu.

Wasanta na dandamali, The Mousetrap, ya samo asali ne daga wasan rediyo na 1947. An fara nuna shi a Landan ran 25 ga Nuwamba, 1952, ba a tsaya ba sai da annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020, aka kuma ci gaba a 2021. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma ta Dame a 1971. A 1975 ta saki Curtain, littafin da ta rubuta tun lokacin yaƙi ta ajiye a banki, wanda Poirot ya mutu a cikinsa, har jaridar New York Times ta buga ta'aziyyarsa a shafin farko kamar mutumin gaske. Ta rasu ran 12 ga Janairu, 1976, a gidanta kusa da Wallingford, tana da shekara 85. Ta bar littattafan bincike 66, da tarin gajerun labarai 14, da wasu littattafai 6 da ta rubuta da sunan aro, Mary Westmacott. An ƙiyasta an sayar da kwafi biliyan 2 na ayyukanta, an kuma fassara su zuwa harsuna fiye da 100.

Rayuwarta ta Biyu a Talabijin

Tana da rai ba ta cika amincewa da masu fim ba. Finafinan Miss Marple da aka yi tsakanin 1961 da 1964 sun ɓata mata rai, domin an mayar da labaranta abin dariya. Fim ɗin Orient Express na 1974 yana cikin 'yan kaɗan da suka gamsar da ita. Mu da muka saba da finafinan Indiya ya kamata mu san cewa Gumnaam na 1965 a kan littafinta na 1939 aka gina shi.

Bayan rasuwarta ne 'yarta Rosalind ta buɗe wa talabijin ƙofa, tana sa ido a kan yadda ake yi. Daga 1984 zuwa 1992 gidan BBC ya shirya dukkan littattafan Miss Marple 12, Joan Hickson ta fito a matsayin tsohuwar. Daga 1989 zuwa 2013 kuma gidan ITV ya yi kashi 70 na Poirot tare da David Suchet, shi ne wanda muke kallo a Kalgo. Littattafan Poirot sun ratsa fiye da shekara 50, amma masu shirya wasan suka tattara kusan dukkansu cikin shekarun 1930, domin su mori gine-gine da tufafi da motocin wannan zamani. A nan ne adon da na ambata a farko ya samo asali. Faransawa ma sun yi nasu tun daga 2009, suka mayar da labaran ƙasarsu da taurarinsu, labaran kuma ba su rushe ba. Wannan ya nuna cewa ana iya tuɓe musu rigar Ingila su tsaya da ƙafarsu.

Abin da Adabin Hausa Zai Ƙaru da Shi

A daidai lokacin da ta fitar da labarin Orient Express ne aka fara buga littattafan da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Biyu daga cikin littattafan wannan zango sun taɓo laifi. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne, Jiki Magayi na John Tafida da East kuwa labarin ramuwar gayya ne da ya kai ga ɗa ya kashe ubansa bai sani ba. A cikin duka biyun mai karatu ya san mai laifi tun farko, abin da yake jira shi ne sakamako. Haka ma Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982 a kan fasa-ƙwauri. Jigonmu ya fi karkata ga gargaɗi, wato abin da mutum ya shuka shi zai girba. Zubin Agatha Christie kuwa na kacici-kacici ne: a ajiye wa mai karatu dukkan alamu a gabansa, a bar shi ya gwada basirarsa, sa'an nan a ba shi gari.

Kayan wannan gini kuwa muna da su a gida. Idan ilimin guba ne, maharbanmu sun daɗe suna dafa dafin kibiya da kwankwani, kuma sinadarin da ake samu daga wannan tsiro shi ne ta yi amfani da shi a gajeren labarinta Triangle at Rhodes. Ga zaƙami, ga tururubi, ga gwaska da ake shayar da wanda ake tuhuma a zamanin da. Idan mai bincike ne, ga masu bin sawu da ke gane ɓarawon shanu daga takunsa, ga alƙalan da labaran hikimarsu suka cika bakin tsofaffi. A Gwandu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, shi ne kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin shiryar da masu mulki da masu shari'a. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan garin yana da babi a kan wanda aka kashe ba a sami cikakkun shaidu ba, inda dangin mamaci ke yin rantsuwa 50 in akwai alama mai ƙarfi, kamar a ce mamacin ya ambaci sunan wanda ya sare shi kafin ya cika. Wannan kaɗai ya isa a gina littafi a kansa. Idan wuri rufaffe ake nema, ga babban gidan gandu mai sassa da yawa ranar rabon gado, ko motar haya da ta lalace da dare tsakanin Kalgo da Bunza. Irin Miss Marple kuwa babu unguwar da ba ta da ita, ko dillaliya ko unguwarzoma, wadda ke shiga kowane gida ba a yi mata shamaki.

Akwai wahala guda da ba za a ɓoye ba. A al'adarmu ana gaggauta jana'iza, ana ƙyamar taɓa gawa, kuma tona asirin dangi abin kunya ne. Amma marubucin da ya san aikinsa zai ga cewa waɗannan su ne za su ba labarinsa nauyi, domin mai bincikensa zai yi fama da mai laifi, ya kuma yi fama da kunya da kara.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi rayuwar Agatha Christie tun daga Torquay har zuwa wasannin talabijin da aka yi bayan rasuwarta. An ga cewa gubar cikin labaranta daga ɗakin haɗa magani ta fito, Poirot daga 'yan gudun hijirar garinsu, Miss Marple daga hirar kakarta, jirage da sansanoni kuma daga tafiye-tafiyenta. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai masu sha'awar rubutu ita ce mu bar wa Turawa kwat da tsofaffin motocinsu, mu ɗauki zubin, mu zuba masa abin da muka sani a garuruwanmu. Ina kuma roƙon malamanmu su duba yiwuwar saka labaran bincike cikin darasin ƙagaggun labarai, domin a sami masu nazarin abin da matasan marubutanmu suka fara gwadawa a wannan fanni. Allah ya sa mu dace.